Makulli Na Biyu

"Kwanta! Kwanta na ce, tsoho!"

Maigadin masaƙar bai kwanta da wuri ba. Wani ɓarawo da ake kira Gatari ya sakar masa gindin bindiga a goshi, ƙum! Jini ya wanke masa fuska. Rediyonsa ya faɗi ƙasa, yana ta surutu shi kaɗai.

Sha ɗaya na safe. Da gangan suka zaɓi lokacin: ma'aikata duk suna ciki, injinan saƙa na ruri, ko ihu ka kurma ba mai ji. A rumfar bayan ginin kekuna sun fi sittin, jere kamar awaki a turke.

Su uku ne. Gatari shi ne oga, shi ke riƙe da bindiga. Direba na cikin motar kaya, bai kashe ta ba. Na ukun Almakashi, wanda kayan aikinsa suka ba shi suna. Duk sun rufe fuska.

Ƙa'idarsu ɗaya ce: keken da ya wuce numfashi goma bai kwance ba, a bar shi.

Almakashi ya durƙusa ya kama aiki. Kwaɗon waya, ƙat! Wani kuma, ƙat!

"Ji wannan," in ji shi, "igiyar shanya ya saya da sunan kwaɗo."

"Wancan ma taya kawai ya ɗaure!" Direba ya leƙo yana dariya. "Bar masa tayar, ya je gida da tsaraba."

Tara sun shiga mota. Goma. Sha ɗaya.

A bene na biyu, wata mai shara ta zo zubar da ruwa ta taga. Ta ga maigadi kwance cikin jini. Ta saki bokitin, ta danna waya ta kira 'yan sanda, sannan ta ruga ɗakin injina.

"Ɓarayi! Ana kwashe kekuna!"

Titi huɗu daga nan, Sufeto ya bugi kafaɗar kofur ɗin da ke tuƙi.

"Taka ta, Kofur! Wata biyar suna yi mana wasan ɓuya."

"Yallaɓai, hanya ta cushe—"

"Hau gefen titi!"

A ƙarshen layi Almakashi ya yi turus. Koren keke ne, da 'yar kujerar yara a baya. Kwaɗon ƙarfe mai kamar kofaton doki ya haɗe jikin keken da tayar baya da ginshiƙin rumfa. Sarƙa mai kauri ta riƙe tayar gaba, kwaɗonta a sama, bai taɓa ƙasa ba balle a samu wurin dukansa da guduma.

Ya san ɗaurin nan. Shi ya koyar da shi.

Bara aka sace keken yayansa, ya yi wata uku yana goya 'yarsa zuwa makaranta a ƙafa, har aka kusa korarsa don latti. Da ya samu wannan, Almakashi ne ya kai masa kwaɗon. "Iri biyu za ka sa, Yaya. Ɓarawo ba ya son ɗaukar kayan aiki biyu." Yayan ya yi dariya: "Kai da ke walda, a ina ka san halin ɓarayi?" Makulli biyu ke zuwa da kwaɗon. Na biyun na rataye a wuyan Almakashi. Bai san masaƙar ta mayar da Yaya aikin safe ba.

"Tsayuwar me kake?" Gatari ya daka masa tsawa.

"Oga, wannan zai ci lokaci. Ƙa'ida—"

"Ni na kafa ta, ni zan karya. Mai kwaɗo biyu ya san abin da ya ɗaure. Ɗauko injin!"

"Mu ware, Oga!" in ji Direba. "Sha ɗaya ba su isa ba?"

"Rufe mana baki, matsoraci!"

Almakashi ya ɗora injin yankan ƙarfe a kan sarƙar. Ya ƙi dannawa sosai. Tartsatsi ya tashi, ƙara ta cika rumfar.

Ƙofar masaƙa ta buɗe, bam! Yaya ne ya riga kowa fitowa, auduga duk a gashinsa, sifana a hannu.

"Kekena! Wallahi ba ku isa ba!"

Gatari ya ja da baya, ya jingina da ginshiƙin, ya saita bindiga.

"Zo, ɗan goyon keke. Zo ka karɓa."

Almakashi ya yar da injin. Ya fizgo makullin daga wuyansa. Murɗa ɗaya, kwaɗon ya buɗe. Ya zaro shi, ya miƙe ta baya, ya zura shi a wuyan Gatari haɗe da ginshiƙin, ƙaras!

"Shege! Ni za ka—"

Gatari ya juya bindigar ta ƙarƙashin hammata. Tau! Tau! Almakashi ya zube ƙasa.

Direba bai jira kowa ba. Ya figi mota, ƙofar baya a buɗe, kekuna na zubewa a hanya. A bakin ƙofar shiga ya yi karo da motar Sufeto. Gilashi ya tarwatse. Kofur ya jawo shi ta taga kamar buhu.

"Yar da bindigar!" Sufeto ya yi ihu.

Gatari ya yar. Idanunsa sun firfito, ƙarfe ya shaƙe masa maƙogwaro.

Yaya ya durƙusa kan ɓarawon da ya cece shi, ya janye ƙyallen fuskarsa. Sifanar ta suɓuce daga hannunsa.

"Auta?"

"Ka ɗaure shi daidai, Yaya," in ji Almakashi, jini na bin gefen bakinsa. "Kar ka gaya wa Inna... ka ce a wurin walda ne."

Daga nan ya cika.

Kekuna sha ɗaya sun koma hannun masu su, uku a lanƙwashe. Maigadi ya rasa ido ɗaya. Direba ya karye a ƙafa, ya tona kowa tun kafin a tambaye shi. Koren keken ko ƙwarzane bai yi ba. Sarƙar ma ba ta kai rabi a yankuwa ba.

Sufeto ya jijjiga kwaɗon da ke wuyan Gatari. Makullin Almakashi ya karye wajen kokawa.

"Malam, naka ne ko? Ina ɗaya makullin?"

Yaya na zaune a ƙasa, kan ƙaninsa a cinyarsa. Makullin na cikin aljihunsa, yana jin tudunsa.

"Ya ɓace, Yallaɓai."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya.

"Kofur, ɗauko injin can. Yanka a hankali, ba sauri muke ba."

Tartsatsi ya fara zuba a kunnen Gatari. Har ɗakin injina aka ji ihunsa.