Busasshiyar Tabarma

"Tashi, ɗiyata, tashi kaɗan in gyara miki shimfiɗar."

Karo na uku ke nan Hajiya Maryama, uwar wanda za ta aura, na tayar da ita tun da ta zo gaisuwa. Nafisa ta miƙe a ladabce, sai a wannan karon ta gane abin da ake yi. Ba gyara ba ne! Tafin hannu tsohuwar ta goga a inda Nafisa ta zauna, ta kai hanci a fakaice.



Shekara shida ke nan da ta baro Garwa ta ƙasar Kamaru da jaka ɗaya, ta shiga ƙungiyar tiyatir, ta masu wasan kwaikwayo, a Maraɗi. Ta yi fim, ta yi dandali, amma wasan da ya fitar da ita shi ne na mai yoyon fitsari. Ranar da ta yi shi a kasuwar Madarumfa, tana jan ƙafa tana ɓoye jiƙaƙƙen zane, mata har kuka suka yi. A nan Aminu, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya gan ta, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Yanzu saura wata guda a ɗaura musu aure.

"Inna, don Allah..." in ji Aminu daga bakin ƙofa. "Na ce miki wasa na, ruwa aka zuba mata."

"Wasa? Kowa garin ga ya san wanda bai ɗanɗani abu ba bai iya yin shi haka! Ni dai a kai ta likita a duba."

Nafisa ba ta ji zafin tsohuwar sosai ba. Wurin Aminu ta juya, mutumin da ke kiranta hasken idonsa, tana jiran ya buɗe baki. Ashe shi ma idon nasa yana kan tabarma, yana leƙe kamar mai neman allurar da ta faɗi.

"Aminu... har da kai?"

"A'a, rabin raina, ba haka ba ne... don dai hankalin Inna shi kwanta."

"Na Inna, ko naka?"

Sai ya hau sosa ƙeya. Kai, namiji bai taɓa yi mata muni irin na yau ba! Farin yadin da ya sha guga da turaren da take so, duk sai suka fita mata a rai.

"Hajiya, kin yi gaskiya," ta ce. "Ba a iya tafiyar nan a banza. Wurin mahaifiyata na koya. Garin haihuwata ta gamu da ciwon. Shekara goma sha ɗaya ina wanke mata zannuwa, babana kuwa ko ƙofar ɗakinta bai ƙara takawa ba har ta rasu."

"Nafisa, ba ki taɓa gaya mini ba..."

"Na rantse a gaban gawarta ba zan auri irinsa ba. Yau na ga idonsa a fuskarka."

"Tsaya, masoyiyata! Wallahi ina son ki!"

"Ni ma ina son ka, abin takaicin ke nan."

Hawaye na zuba, ta sunkuya ta naɗe tabarmar, ta zare zoben da ya ba ta ta ɗora a kai, ta danƙa masa a hannu.

"Riƙe, ka duba a tsanake. Busasshiya ce."