Yarinyan Yana da Kunya

Duk Kademi babu wanda ya kai Malam Maiwada iya kwaikwayon murya, in ma ka manta shi zai tuna maka. Damuwarsa ɗaya ce: duniya ba ta san darajar mai basira ba, musamman matarsa Adawiyya, wadda sai ka yi gumi kafin ka ga haƙorinta.

An riga an sa ranar 'yarsu Naja'atu da Zunnuraini, ɗan Alhaji Umara na Toranke. Ran nan uwar saurayin, Hajiya Falmata, ta zo duba Adawiyya da ta tashi daga jinya. 'Yar Barno ce, ta tsufa a Toranke amma har yau harshenta bai raba mace da namiji ba. Da Naja'atu ta durƙusa ta gaishe ta, sai tsohuwar ta dafa kanta ta ce, "Kai, yarinyan nan yana da kunya! Allah ya bar min shi."

Baƙuwa na tafiya, Maiwada ya jiyo muryarta tana fitowa daga ɗakin 'yarsa. Ya leƙa. Ga Naja'atu ta naɗe zani kamar lafaya, ta jingina waya da kwano, tana ɗaukar kanta bidiyo.

"Malam, ka gani ko?" in ji Adawiyya daga kan tabarma. "Tun da ka saya mata wayar nan, ka taɓa zama ka ga abin da take yi da ita? Ka hana ta!"

"Ni za a koya wa waya? Ni da na riƙe ta tun tana da eriya?" Ya juya ga 'yar. "Ke, ba haka ba ne. Ja 'yarinyan' ɗin, ki ɗan rufe ido ɗaya. Yauwa! Jinina kenan!"

Uba da 'ya suka yi dariya har da hawaye.

"Tura min."

"Baba, don Allah kai kaɗai fa. Ko Zunnu ban tura wa ba."

Shi kaɗai ɗin kuwa ya kalla — har zuwa la'asar. To ina amfanin haihuwar gwana in ba a sani ba? Ya jefa a guruf ɗin 'yan majalisarsu, ya rubuta a ƙasa: *Gado ba karambani ba.*

Kafin kasuwar Gaya ta ci, wani ɗan banza ya sa wa bidiyon kiɗa. Masu adaidaita suna kunnawa, 'yan talla suna rerawa. Maiwada ya shiga kasuwa yana hura hanci, har sai da ya ji wani mai kifi yana cewa, "Ai matar Alhaji Umara ce ta Toranke. Surukarta ce ta yi mata."

Nan take ya juya ya fice daga kasuwar.

Da yamma Zunnuraini ya zo. Bai kafe babur a gindin darbejiya yadda ya saba ba, a bakin hanya ya bar shi. Naja'atu ta fita wajensa, Maiwada ya laɓe bayan zaure.

"Zunnu, wallahi na yi dilit! Na goge, duba ka gani!"

"Kin goge na wayarki. Na kasuwar Gaya wa zai goge?"

"Sori... don Allah sori..."

"Jiya yara suka raka Iya daga gidan suna har ƙofar gida suna mata waƙar. Ta shiga ɗaki, har yanzu ba ta fito ba." Ya ɗago ya dube ta. "Addu'a fa take miki, Naja. Addu'ar kika kwaikwaya."

Kukan da yarinyar ta fasa ya bi Maiwada har cikin ƙashi. Bai ji ta ambaci sunansa ba. Ta ɗauki laifin ita kaɗai.

Washegari ya zuba babbar riga ya nufi Toranke, yana tafe yana saƙa dabara.

"Alhaji, ai wasa ne! Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, ka san tsakaninmu da Barebari—"

"Yau ka zama Bafulatani?" Alhaji Umara bai ko ɗaga murya ba. "Wasan nan ido da ido ake yinsa, ka yi min in rama, mu sha fura mu tashi. Matata wa za ta rama wa? Jihar Kano?"

"A yi haƙuri, yarinta ce..."

"Yarinta. Ƙanena yana guruf ɗinku, Malam. Ya nuna min wanda ya fara turawa."

Karon farko a rayuwarsa, Maiwada ya nemi murya ya rasa, ko tasa ko ta aro.

Aka ɗage biki, ba a faɗi wata rana ba. Naja'atu ta miƙa wa uwarta wayar, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Maiwada ya bi majalisa-majalisa yana roƙon a goge. Wasu su goge a gabansa, yana juya baya su karɓa a wajen maƙwabci. Wasu ma cewa suke, "Za mu goge, amma yi mana muryar da kanka tukuna." Dubi wulaƙanci, a ce mutum kamarsa!

Zunnuraini dai ya kafe. An nuna masa 'yan mata a Ajingi, ya ce idonsa na ciwo. Naja'atu kuma ba ta fasa aika wa tsohuwar gaisuwa ba, ko da ba a amsawa. Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan Hajiya Falmata ta aiko ta bakin ɗanta: ta yafe. Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa.

Bayan an kwana biyu Maiwada ya je ganin ɗaki. Yana zaure ya jiyo tsohuwar a tsakar gida tana ta hira da awakinta, tana musu faɗa tana dariya. Sai labulen amarya ya motsa. Ɗif! Muryar ta ɗauke.

"Iya, sannu da aiki," in ji Naja'atu, gwiwa a ƙasa.

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta dafa kafaɗarta da alheri, ta shige ɗaki.

"Kullum haka ne?" ya tambaya a hankali, da 'yar ta kawo masa ruwa.

"Tana ba ni abinci da hannunta, Baba. Amma tun da na zo ba ta furta kalma ɗaya a gabana ba. Tsoron kunnena take." Ta share ido da gefen mayafi. "Da ranar nan tsawa ka yi min, da yanzu ina da uwa a gidan nan."

To iyaye, ga shi nan. Haƙuri ya kai Naja'atu ɗakinta, amma bai dawo da abin da ya fita ba. Wanda ya saya wa ɗansa waya, ya sayo wa kansa zaman duba ta, kuma ya fara da ta aljihunsa.

Maiwada ya ajiye kofin bai sha ba. Ya daɗe a zauren nan yana jira ko tsohuwar za ta ci gaba da hirarta. Awaki kawai yake ji.