Akwatin Sanyin Mai Cokali

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Kowa ya kwanta ban da wani Bature. Loma ce a bakinsa, kuma shi ba mutumin da ke barin loma a hanya ba ne. Sai da Gwangwani, ɗaya daga cikin 'yan fashin, ya sauke masa gindin bindiga a ƙeya, sannan ya gane ba wasan maraba ake yi masa ba.

Rumfar abinci ce ta ƙarshe kafin titi ya shige rairayi. Rana tsaka, kwanon rufi na ƙara don zafi. Mai abinci ta cusa kai ƙarƙashin benci, sauran jikin ta bar wa Allah.

Shi Baturen nan yawon ci ya zo yi. Ya baro ƙasarsu mai sanyi, ya yi hayar mota da direba, duk inda ya hango hayaƙi sai a tsaya. Cokalinsa na aljihun gaba, shi ya sa masu rumfuna suka sa masa Mai Cokali. Ya ci ya yi gumi, ya ɗauki hoto, ragowar ya zuba a 'yan robobi ya jera a akwatin sanyi a bayan mota. Mutum da kuɗinsa, ya rasa abin tarawa sai sauran miya.

Direbansa na kwance a ƙasa kamar kowa, amma shi gabansa ba don bindiga yake faɗuwa ba. Shi ya tsayar da motar a nan da gangan. Ƙaninsa Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe da faɗawa hannun Tsatsa, ogan 'yan fashin. Direba ya roƙa, ya yi faɗa, ya yi kuka. A ƙarshe Tsatsa ya ce masa, "Kawo mana Baturenka da motarsa. Aiki ɗaya. In an gama ka ja ƙaninka ku tafi, ko gaisuwa ba na so." A kan haka ya yarda.

"Kai direba, tashi! Mota!"

Suka tura Mai Cokali baya, tsakanin Gwangwani da Auta. Tsatsa a gaba. Ƙofofi — garam, garam! Direba ya ba ta wuta.

Ba su yi nisa ba Tsatsa ya nuna hagu da bakin bindiga.

"Sauka daga kwalta."

"Oga, nan yashi ne mai laushi. Sai an rage iskar taya."

"Ka ga muna da lokacin shafa taya? Akwai shingen 'yan sanda a gaba. Taka, malam."

Ya taka. Motar ta yi ta nishi, ta haye tudu, ta gangara, ta haye wani. Titi ya ɓace a baya. A gangara ta gaba ta dulmiya har ciki, tayoyi na juyi a banza, ruwan injin ya tafasa ya yi tsartuwa. Shiru. Gabas yashi, yamma yashi, ko ƙaya babu.

A can rumfa kuwa, 'yan sanda sun iso da jiniya. Sajan ya bi sawun taya da ido har inda ya sauka daga titi, ya waiwayo ya dubi tasu motar.

"Wannan tsohuwar ko kwalta da lallashi take hawa. A kira a turo babba."

"Yaushe za ta zo, yallaɓai?" in ji mai abinci.

"In ta zo za ki gan ta. Akwai sauran shinkafa?"

Su kuma can suna tono. Da hannu, da murfin tukunya, da faranti. Ka kwashe yashi ya dawo. Ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Jarkar ruwa guda ce, Tsatsa ya zauna a kanta, sai ya ga dama yake tsiyaya wa mutum a murfi.

Direba na durƙushe gindin taya ya ga abu biyu. Tsatsa ya kwance ƙyallen da ya rufe fuska, ya share gumi a gaban Baturen, ko a jikinsa. Sannan ya miƙa hannu.

"Auta, kawo ƙarfenka. Yashi zai shiga, bari in ajiye maka."

Auta ya miƙa bindigar yana murmushi, wai oga na kula da shi. Gwangwani kuwa ba a karɓi nasa ba. Direba ya sunkuyar da kai. Ya gane. Mota na fita, mutum biyu za ta ɗauka. Sauran ukun rairayi zai rufe.

Ya matsa kusa da ƙaninsa. "Auta, ka buɗe idonka. Mutumin nan..."

"Yaya, don Allah kar ka fara. Tun ina da majina kake min wa'azi. Tona kawai."

Rana ta karkata, yunwa ta taso. Gwangwani ya buɗe bayan mota ya jawo akwatin sanyi.

"Oga, zo ka ga harka. Nama, kifi, shinkafa, har da madara. Shegen nan kasuwa ya kwaso."

Mai Cokali ya zabura. Ya hau kaɗa hannu, yana zuba yarensu, yana riƙe ciki. Da shi da Direba sun san abin da sauran ba su sani ba: akwatin nan ya daina sanyi tun shekaranjiya. 'Yar fitilarsa ce kawai ke ci. Abincin ya kwana ya wuni a zafin da ke narka takalmi, zubarwa ce ba su samu sun yi ba.

Tsatsa ya dubi Direba. "Kai ne mai jin yarensu. Me yake cewa?"

Direba ya yi lissafi. Ba shi da bindiga, ba shi da wuƙa. Ga akwati.

"Cewa ya yi nasa ne. Wai ba irin cin ku ba ne."

Gwangwani ya kwashe Baturen da mari. "Ji ɗan rowa. Kana hannunmu kana mana iyaka da tukunya?" Ya buɗe roba ɗaya ya shinshina. "Oga, da ɗan ɗumi fa. Da ɗan tsami-tsami."

"Tun da injin ya mutu sanyin ya tafi," in ji Direba.

"Abin da ya fito daga firjin Bature?" Tsatsa ya yi dariya. "Waɗannan ko ruwa sai sun tace. Kai ka saba cin na bakin kwata, hancinka ya lalace." Amma bai kai hannu ba. Tsatsa bai tsufa a sana'ar nan da gaggawa ba. Ya zaro cokalin daga aljihun Baturen, ya miƙa wa Auta, idonsa a kan Direba.

"Ƙaramin oga, buɗe mana."

In Direba ya yi magana, harsashi. In ya yi shiru, ƙaninsa. Direba ya fizge cokalin.

"Ana babba a wuri yaro ya fara? Kawo nan."

Ya ɗebi kifi ya kai baki. Yaji ya rufe komai. Ya haɗiye, ya ƙara, har da lashe cokali. Nan Tsatsa ya saki jiki. Suka zauna a 'yar inuwar mota suka buɗe robobi, Gwangwani na santi yana cewa in ya yi kuɗi shi ma sai ya auri mai firji.

Direba ya tura wa Auta busasshen burodi. "Ci wannan. Cikinka ba ya son madara."

"Kun ji ko?" Auta ya dubi sauran. "Da gemuna da matata, har yau shi ke zaɓa min abinci." Ya ɗaga robar madara ya kafa kai, ya bi da shinkafa, don dai a ga shi ma namiji ne.

Direba ya zaga bayan tudu kamar zai kama ruwa, ya zura yatsa a maƙogwaro. Da ya dawo ya ja Auta gefe.

"Je ka amayar. Yanzu. Don darajar Inna."

"Ka haukace ne? In amayar da abinci a wannan dajin?"

"Ya lalace, Auta."

"Kai ka lalace. Sakar min riga."

Kafin rana ta faɗi cikin Gwangwani ya fara ƙugi. Ya ruga bayan tudu, ya dawo, ya sake rugawa. Tsatsa ya bi. Auta ya bi. Sama da ƙasa, ba tsayawa. A gari wannan abin dariya ne, a sha magani a kwanta. A rairayi duk abin da ya fita daga jikin mutum ba ya dawowa.

Gari ya waye, rana ta fito da fushinta. Tsatsa na kwance rungume da jarka, leɓe ya tsage. Gwangwani ya rarrafo.

"Oga... murfi ɗaya."

"Matsa."

"Tare muka..."

Ya kai hannu kan jarkar, Tsatsa ya danna kunama — tau! Gwangwani ya kife. Harsashin ya bi ta jikinsa, shi kuma ya danne jarkar ta tuntsure. Direba ya yi tsalle, ya take hannun Tsatsa, Mai Cokali ya faɗo masa da duk nauyin abincin da ya ci a duniya. Bindiga ta fita daga hannun Tsatsa. Direba ya ɗago jarkar. Yashi ya riga shi, sai ɗan abin da ya rage a gindi.

Ya kai wa Auta. Ya ɗora kansa a cinya, yana ɗiga masa a baki. Abin da ya shiga ya dawo. Baturen ya cire rigarsa ya riƙe musu a sama, fatarsa na toyewa, bai sauke ba.

"Yaya," in ji Auta, murya kamar ta tsoho, "ka san ya lalace?"

"Na sani."

"Ka bari na ci."

"Na hana ka."

"Kullum kana hana ni. Ina zan gane ta gaske?"

Maganar Auta ta ƙarshe ke nan a duniya. Babbar motar 'yan sanda ta ɓullo kan tudu da la'asar. Sajan ya sauko yana gyara ɗamara, ya ce a kewaye wurin, kada kowa ya gudu.

Gwangwani a nan aka tona masa kabari. Tsatsa ya sha ruwan asibiti ya warke sarai, don irinsu ba sa mutuwa da sauƙi, aka kai shi inda ba zai ƙara ganin titi ba. Mai Cokali ya tsaya gaban alƙali ya yi ta rantsuwa cewa direbansa ne ya cece shi. Alƙali ya ji, ya kuma ji wanda ya tsayar da mota a rumfa, ya rage wa Direba shekaru bai yafe ba. Baturen ya koma ƙasarsu da fata a saɓule, an ce ruwan zafi da burodi kawai yake ci.

Ranar ziyara Inna ta zo gidan yari. Ta zauna bayan ragar waya, ta daɗe tana kallon ɗan da ya rage mata. Ba ta tambayi kotu ba, ba ta tambayi Tsatsa ba.

"Abu ɗaya nake so ka gaya min. Yaron nan ba ya jure yunwa. Da yunwa ya tafi?"

Direba ya riƙe wayar da hannu biyu.

"A'a, Inna. Ya ci."

"Ya ƙoshi?"

"Ya ƙoshi."

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafi. "To, alhamdulillahi. Wanda ya ba shi, Allah ya saka masa."