Tuta a Rufin Gidan Halvard

Minti goma sha biyar jirgin Ragnfrid yake tsayawa a tsibirin Skarvik, sau ɗaya a mako. A cikin waɗannan mintuna Eilif, mai zuba kwal a tukunyar injin, ya fara ganin Gunvor. Ya hau sama shan iska, ita kuma tana miƙa buhun wasiƙu.

"Malam, fuska ce wannan ko gindin tukunya?" ta tambaye shi.

"Ba ni sabulu ki gani."

Mako na gaba ta kawo sabulun. Daga nan take ce masa Gawayina, shi kuma yana ce mata 'Yar Tsibiri.

Shekara talatin da takwas Ragnfrid tana ɗaukar mutanen gaɓar arewa, da amarensu da marasa lafiyarsu da busasshen kifinsu. Har lokacin yaƙi ba ta daina ba. Mahaifin Gunvor, Halvard, shi yake kama igiyarta ya ɗaure, shi yake kwance ta. Amma ya ƙi Eilif.

"Ba zan ba wa mijin minti goma sha biyar 'yata ba," in ji shi. "Ga Sverre nan, mai rumfar kifi, kullum ƙafarsa a ƙasa."

A bazarar 1964 labari ya zo cewa za a ajiye Ragnfrid, a kai ta a yanka ƙarfenta. Sabon jirgin dizal ya fi ƙarfin tashar Skarvik, wucewa zai riƙa yi daga nesa. Gunvor ta rubuta tana kuka:

"Gawayina, Baba ya matsa. Ka san al'adarmu, ranar da aka yi wa yarinya baiko ake ɗaga tuta a gidansu. Ina roƙon kada ka ga tamu. Taka, Gunvor."

Ranar zuwan ƙarshe, Eilif ya leƙa ta ƙaramar tagar ɗakin injin. Tagar ba ta nuna komai sai rufin gidan Halvard. Ga tuta tana kaɗawa. Ya koma ya ɗauki shebur, bai hau ba. Bai san kowane gida a tsibirin ya ɗaga tuta don yi wa jirgin ban kwana ba.

Gunvor ta jira shi minti goma a tasha. Sai ta tattare siket ɗinta ta shiga jirgin, ta gangara matakalar ƙarfe har cikin zafin.

"Na taya ki murna," in ji Eilif, bai juyo ba. "Ki gaida Sverre."

"Wawa! Fito ka ga gari!"

A sama lokaci ya cika. Kyaftin ya busa jiniya, Halvard ya tsaya kan igiya ya naɗe hannuwa.

"Halvard, kwance mana!"

"'Yata tana cikinki, tsohuwa," Halvard ya ce wa jirgin. "Idan kika tafi da ita, wa zai dawo min da ita?"

Kyaftin ya sauko da kansa. "Yaron nan fa an ba shi aiki a sabon jirgi ya ƙi, don ba ya tsayawa a nan. Tun jiya ya ɗaure akwatinsa."

Eilif da Gunvor suka fito, rigarta duk baƙin kwal. Eilif ya ga tutoci daga tudu har bakin ruwa, kunya ta kama shi.

Halvard ya dube shi. "Ka iya gyaran injin kwale-kwale?"

"Na iya, Baba."

"To sauko da akwatin, kana tsayar da mutane."

Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar. Ragnfrid ta juya a hankali, tsofaffi suna share hawaye, babu wanda ya bar wurin sai da hayaƙinta ya ɓace.

An ɗaura auren a ƙaramin cocin Skarvik kafin ƙanƙara ta sauka. Halvard ya ɗora hannu a kan kowannensu, ya ce, "Allah ya zaunar da ku wuri ɗaya."