Rassan Da Ke Rufe Kansu

Ranar da ya fara ganinta, tana zaune a ɗakin ba da magani na asibiti, ta haɗa rai tana danna kwamfuta kamar za ta huda ta.

"Kai ne ka gina shafin nan?" ta tambaya, ko gaisuwa babu.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Me ya yi miki?"

Ta juyo masa allon. An jera magungunan reshe-reshe: a danna "allurai" ya buɗe, a danna "na yara" ya sake buɗewa, sai an sauka hawa biyar kafin a kai ga abin da ake nema.

"Da na rubuta maganin mutum ɗaya, sai duk rassan su rufe. In sake buɗewa tun daga sama, ga bayin Allah a layi."

Ya ja kujera. Yarinyar ba ta duba takarda, ta haddace mazaunin kowane magani, kuma ko tsohuwar da ta tambaye ta abu sau uku da murmushi take amsa mata. Shi da ya zo gyara sai ya shagala da kallo.

Cikin kwana biyu ya sa shafin yana tuna reshen da ta bari a buɗe, ya ƙara maɓallai biyu, "buɗe duka" da "rufe duka".

Da la'asar saƙonta ya shigo: "Injiniya, yau na sha shayina da zafinsa. Hannunka akwai albarka."

Ya amsa: "Gimbiya, in akwai wani abin da ya ƙi buɗuwa, ina nan."

"Ƙofar gidanmu. Amma makullin yana hannun Baba."

Da maganar aurensu ta kai kunnen Baba kuwa, ya ce sam. "Wanda ke wuni yana latse-latse, wannan sana'a ce?" Ɗan amininsa, likita, shi ne mijin da Baba ya yi mata tanadi. Ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki, wayar ma ta daina ɗauka. Injiniya ya zaci ta zaɓi likitan, ya rubuta: "In shi ne alherinki, na haƙura." Ta karanta, ta fashe da kuka.

Ƙarshen wata Baba ya zo asibitin karɓar maganin hawan jininsa, riƙe da jarida, don ya saba jiran awa biyu. Ko shafin farko bai gama ba aka kira shi.

"Yau ina layin?"

Ta sunkuyar da kai. "Mai latse-latsen ne ya cinye shi, Baba."

Ya daɗe yana kallon bencin da babu kowa. "Ki ce ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon gam.

"Ban san kan aikinka ba, ɗana, amma na ga amfaninsa. Ga amanata nan. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu yi muku biyayya."

Daga bayan labule amarya ta ce amin, har ta fi kowa ɗaga murya, ƙawayenta suka yi ta mata dariya.