Takardar da ke Kan Gilashin Matuƙi

Uwar Fenti, 'yar kwangilar da ke sabunta fentin jiragen soja, mace ce da ba a tanƙwara ta. Ranar nan ma'aikatanta sun tashi da magariba, ita kuwa ta tsaya a rumfar jirage don ta ƙarasa hancin wani tsohon jirgin yaƙi. Ta riga ta rufe gilashin matuƙi da takarda, kamar yadda sharaɗin aikin ya ce.

Sai warin ƙonannen mai ya danne warin fenti.

"Baiwar Allah, cire takardar nan. Ba na ganin hanya."

Wani matuƙi ne tsaye tsakaninta da jirgin, sanye da kaki irin na da. Muryarsa tana yankewa tana dawowa, kamar ta rediyo.

"Ranka ya daɗe, injin jirgin nan ma an cire an kai dubawa. Ina za ka?"

"Sauka nake so in yi. Na daɗe a sama."

"To, sai fenti ya bushe! Ɗigo ɗaya ya taɓa gilashin nan, mai duba aiki zai sa in kankare in sake. Ko janar ne kai, matsa!"

Bai matsa ba.

"Kakinka ne zai ɓaci, ba nawa ba," ta ce, ta danna bindigar feshi.

Fenti ya kwanta a jikin jirgin sumul, babu inda mutum ya tare. Ko ɗigo bai taɓa kakinsa ba.

Sannan ta ji ana ƙwanƙwasa gilashin da ta rufe, daga ciki.