Shinkafa Mai Ƙamshin Sabulu

Sufeto na zaune a ofis yana kurɓar shayi ba sukari, don sukarin ma yanzu ya zama sai wane da wane, sai ga wata tsohuwa ta faɗo, mayafi a karkace, makullai na kaɗawa a ƙugunta.

"Sufeto, an kashe ni."

Ya dube ta sama da ƙasa. Gawar da ke da irin wannan murya ba ta gama mutuwa ba.

"Zauna, Iya. Wa ya kashe ki?"

"Surukata. Tun da babban ɗana ya rasu nake riƙe da ita da 'ya'yanta, ashe ɓera nake kiwo. Ta cinye min sito. Ka zo ka kai ta kurkuku, yau ba za ta kwana a gidana ba."

Duk unguwa an san ta da Iya Makulli. Tun da farashi ya fara hawa ba sauka, ta sayar da ɗan filin da mijinta ya bar mata, ta cika ɗaki guda da buhunan shinkafa da sukari, jarkokin mai, da katan-katan na sabulu. Ta danna kwaɗo. Jikoki su yi hamma, maƙwabta su yi roƙo, amsarta ɗaya ce, ranar ba ta zo ba tukuna. To, yau an wayi gari ba shinkafa a kasuwa, ranar ta zo. Ta farke buhu, sai yashi.

Sufeto ya ja Kofur suka bi ta gida.

Kwaɗon lafiyarsa ƙalau, ba alamar an taɓa shi da ƙarfe. Iya ta buɗe, ƙamshin sabulu ya doki hancinsu. An jibge katan-katan ɗin a kan buhunan, ɗakin kuma ba taga. Kofur ya bi buhunan da wuƙa, duk yashi ne mai laushi, irin na gini, an sake ɗinke bakinsu tsaf. Jarkokin mai kuwa ruwa ne zalla.

"Makulli nawa kwaɗon nan yake da shi?" in ji Sufeto.

"Biyu, ga su a ƙuguna. Ko wanka zan yi, da su nake shiga."

"Wa ya sayo shi?"

"Autana mai kanti. Shi ya ba ni shawarar tara kayan, shi ya yi min dako. Yaron kirki."

Sufeto ya juya kwaɗon a hannunsa. Irinsa ne a ƙofar gidansa, kuma makulli uku ya zo da su. Ya juyo gare ta.

"Me ya sa kike zargin surukarki?"

Iya ta ja shi har ɗakin girki, ta buɗe tukunya da ƙarfi kamar mai kama kwarto.

"Shinshina. Wace shinkafar kasuwa ce ke ƙamshin sabulu? Tawa ce, ta sito!"

Ya shinshina. Ba ƙarya, ƙamshin na nan.

Surukar na tsugune a bakin ƙofarta, ta riga ta ƙulle kayanta a zani. Mace ce ramammiya, kitso take yi wa matan unguwa, da shi take ciyar da gidan har da tsohuwar.

"Ina kika samo shinkafar nan?"

"Kasuwa, ranka ya daɗe."

"Wajen wa?"

"Na manta."

"A wannan zamani, mace ta samu mai shinkafa ta manta fuskarsa? Baiwar Allah, in kika ci gaba da mantuwa, a ofishinmu za ki kwana, yaran nan kuma ba mai dafa musu."

Ta saci kallon Iya, ta rage murya.

"A kantin ƙanin mijina nake awo. Na taɓa ce masa tana ƙamshin sabulu, sai na wanke ta na sake wankewa. Ya ce in ya ji maganar a bakin wani, zan bar gidan nan. Ya ce tsakanin ni da shi, wa Iya za ta yarda da shi?"

"Akwai lokacin da gidan ke zama ba kowa?"

"Ranar asibitin Iya, na hawan jini. Ni nake raka ta, yara suna makaranta. Shi yake aiko mana da mota."

Kantin Auta na bakin titi, an rubuta "Sauƙi" da manyan baƙaƙe a goshinsa, amma ba wanda ya taɓa shiga ya fito da sauƙin. Mai kantin kuwa duk wannan tsada kumatunsa sai sheƙi suke. Ta bayan kanti ga sabon gini ya kai taga, ga tulin yashi a gefe.

"Sufeto da kanka? A kawo lemo."

"Bar lemo. Auno min shinkafa."

"Wallahi ta ƙare, ko ƙwaya babu."

Kofur ya ɗaga wani labule a ƙarƙashin kanta, ya jawo rabin buhu. Sufeto ya dumbuza, ya kai hanci, sannan ya miƙa wa mai kanti.

"Wace ƙasa ce ke noma ta da turare?"

"Ai a kanti komai na haɗuwa, ina sayar da sabulu."

"Naka sabulun ga shi can a sama, iska na kaɗa shi. Wannan ta daɗe a kulle da nata. Yaushe rabonka da siton uwarka?"

"Tun ranar da na sauke kaya. Makulli na ƙugunta, kowa ya sani."

"Haka ne. Ɗauko naka makullan, mu je ka gaishe ta."

A tsakar gida, mata sun cika katanga, kowace wai ta zo aron rariya. Sufeto ya sa Iya ta mayar da kwaɗo. Ya karɓi zoben makullan Auta yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙarami da ya maƙale a tsakiya ya shiga, ya juya, kwaɗo ya buɗe.

Iya ta dafa ƙugunta. Nata biyun suna nan.

"Auta?"

"Iya, aro na yi. Na ce in farashi ya sauka zan mayar miki, har da ƙari. Sai ya ƙi sauka. Kaya suna zaune a ɗaki ba sa haihuwa, ni kuma ga gini."

"Kai ka ɗinke min yashi?"

"Don kada hankalinki ya tashi."

"Kuma ka riƙa auna wa matar yayanka shinkafar uwarka a farashin yau," in ji Sufeto. "Kofur, sa masa ankwa."

Nan Iya ta kama hannun rigar Sufeto.

"Ɗana, bar shi. Maganar gida ce. Yaro ne, kuskure ya yi."

"Da safe ba ki ce maganar gida ba ce, Iya. Kurkuku kika ce."

"Ai da safe ban san..."

"Na gane. Da safe 'yar wani ce."

Aka tasa ƙeyar Auta, masu aron rariya suka bi shi da ido har kwana, kowace da labarin da za ta kai gaba.

Sufeto ya tsaya a ƙofa ya waiwaya. Iya ta mayar da kwaɗo a kan ɗakin yashi, don hannu ya saba, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar. Ba ta dubi surukar ba.

"Ke, kwance ƙullin nan. In kin tafi wa zai dafa min?"

Surukar ta zubo shinkafa a kwano ta ajiye a gabanta. Iya ta kai loma, ta daɗe tana taunawa, ƙamshin sabulunta na hawa mata hanci.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta.